Zonkwa Tana Amsawa

Aikina a wancan lokacin bai wuce tambayar injuna ko suna raye ba. Ina zaune a ofishin shiyya na wata hukuma mai rajistar manoma, a Kafanchan, da kwamfuta a gabana. Ta cikinta nake shiga babbar kwamfutar hedikwata, wata ƙatuwar na'ura da ke Abuja wadda ban taɓa gani da idona ba. A cikinta akwai manhajar sa ido da ke nuna kowane ƙaramin ofishi a matsayin ɗigo: kore in yana aiki, ja in ya mutu. Idan ina shakka sai in rubuta umarnin da muke kira fing, babbar kwamfutar ta yi sallama ga rautar wancan ofishin, wato akwatin da ke haɗa shi da sauran duniya. In rauta ta amsa, layuka su jeru a allo. In ba ta amsa ba, shiru.

Shugaban shiyyarmu, wanda kowa ke kira Oga, bai san komai a wannan aiki ba sai launi. Mutum ne mai tumbi da son turare, da yatsa ɗaya yake danna kwamfuta, shi ma sai ya laluba. Amma ya san hedikwata da kore take auna shugabanni, don haka ya ɗauki kore ya mayar addini. Kowace safiya sai ya leƙo ɗakina ya ce, "Yaya 'ya'yana?" Ɗigogin yake nufi. Ban taɓa jin ya tambayi lafiyar wani mai numfashi ba.

Ofishin Zonkwa wata mata ce ke riƙe da shi ita kaɗai. Mijinta ya rasu, tana da yara a makaranta, kuma wannan aikin ne ke riƙe da gidan. Madam muke ce mata, ita kuwa ƙanena take ce mini. Da damina ta kankama, tsawa ta faɗa kusa da ofishinta ta ƙone inbata, wato na'urar da ke ba ofishin wuta daga batir in an ɗauke wuta, Zonkwa ta koma ja. Oga ya tura direbansa ya kwaso inbatar da rautar, wai za a gyara. Bayan 'yan kwanaki direban ya mayar mata da akwati, kuma a ranar Zonkwa ta koma kore shar a allona.

Washegari Madam ta kira ni.

"Ƙanena, wannan akwatin da aka kawo ba ya yin komai fa. Na tada janareta, wuta yana kamawa, amma netwok ba ya zuwa. Mutane sun cika mini ƙofa. Har Fulani sun zo tun safe, sun bar shanu da yara."

Na tura fing zuwa rautarta, ta amsa nan take. Na tura zuwa kwamfutar da ke kan teburinta, shiru. Na bi sawun saƙon da wani umarnin, na ga yana isa rauta ya tsaya cak. Na je na gaya wa Oga cewa ƙofar gida tana amsa sallama, amma babu kowa a ɗaki.

"To ai ka faɗa da bakinka," in ji shi. "Ba ta kunna kwamfutar. Tana gonar citta. Ni za a yi wa wayo?"

Na ce a bar ni in je Zonkwa in duba, tafiyar da ba ta kai ta kawo ba. Ya ce an ɗauke ni in tambayi rauta ne, ba in yi yawon ƙauye ba. Daga ranar ya hana ni tura umarni ya wuce rauta.

Haka aka yi ta tafiya har masara ta fara bunni. Zonkwa kore dare da rana, ko ƙyaftawa ba ta yi, abin da ya kamata ya ba kowa mamaki a garin da wuta ke zuwa kamar baƙo. Rajista kuwa ko ɗaya ba ta shigo daga can ba. Hedikwata ta tambaya, Oga ya shafa wa Madam kashin kaji. Aka turo mai bincike daga Abuja, aka kira ta Kafanchan ta kare kanta.

Ta zo a kan babur, zanenta duk jar laka. Aka zauna a ofishin Oga, mai sanyin na'ura da ƙaramin firji a kusurwa. Mai binciken wani siririn mutum ne da kwat, wayoyi biyu a hannu, irin waɗanda ba sa kallon mutum idan yana magana. Aka kira ni da kwamfutata domin in kawo shaida.

"Sa, Allah yana gani, ban taɓa fashin aiki ba," in ji Madam. "Ka tambayi masu shago a layin. Kullum ina buɗewa. Akwatin ne ba ya aiki."

"Madam, mutum yana ƙarya, inji ba ya ƙarya," in ji mai binciken. Ya juyo gare ni. "Kira mana Zonkwa."

Na shiga babbar kwamfutar na tura fing, irin wanda ba ya tsayawa sai an tsayar da shi. Amsoshi suka fara zubowa layi bayan layi. Oga ya gyara zama yana murmushi. Madam ta zuba wa allon ido, ba ta san me rubutun ke cewa ba, amma ta gane ba a bayanta yake ba.

Ana cikin haka ɗaya daga wayoyin mai binciken ta yi kukan caji. Ya duba ko'ina bai ga soket a sake ba, sai ya sunkuya bayan firjin ya zare wani filogi ya soka nasa. Layukan da ke allona suka tsaya. Ban ankara ba ɗigon Zonkwa ya koma ja.

Na kalli allon, na kalli filogin da ke yashe a ƙasa. Na ce, "Yallaɓai, Zonkwa ta mutu daidai lokacin da ka zare wannan."

Ban jira izinin kowa ba, na bi igiyar har bayan firjin na jawo abin da ke maƙale a can. Rauta ce, ta yi ƙura. Irin waɗannan da layin waya suke aiki, duk inda ka jona su za su amsa da sunan ofishinsu. A gefenta akwai sitikar zumuntar matan coci.

"Nawa ne!" in ji Madam, har da miƙewa. "Ni na manna wannan da hannuna. Yesu! Ashe yana nan?"

Ashe Oga ya lissafa cewa in ya mayar da rautar can Zonkwa babu inbata, za ta riƙa zama ja duk lokacin da aka ɗauke wuta. Sai ya aika wa matar da mataccen akwati daga sito, ya ajiye mai ran kusa da lemonsa. Yanzu ga shi ya yi tsuru-tsuru. A raina na ce yau dai an yi walƙiya.

Na manta cewa duk kanwar ja ce. Mai binciken nan shi ne ya yi ta kai wa manyansa labarin cewa shiyyarmu ta fi kowace kore, har ya sa aka yaba wa Oga a taro. Ya daɗe yana kallon akwatin. Sannan ya zare cajarsa, ya mayar da filogin a hankali, ya harɗe hannu yana jira. Can rautar ta farfaɗo, ɗigon ya koma kore.

"Kin gani ko, Madam?" in ji shi. "Tana amsawa."

Na ce wannan zalunci ne, na faɗa da ƙarfi. Ya ce ba wurin ajiye kayan aiki ya zo bincike ba, in fita da kwamfutata. Na sha ganin marasa kunya a aikin gwamnati, amma ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina waɗannan biyun a ranar ba, kuma har yau ban rage ba.

Kafin a cire citta aka sallami Madam saboda rashin zuwa aiki. Ba a tura kowa a madadinta ba. Aka sa wa ofishin kwaɗo, awaki suka mayar da barandar wurin kwana. Ɗigon kuwa yana nan kore, don babu wanda ya taɓa bayan firjin.

Daga baya na gamu da ita a kasuwar Kafanchan, zaune a bayan tulin citta, babbar 'yarta da ya kamata a ce tana makaranta tana taya ta aunawa. Ta rame. Muka gaisa, ta ɗebo citta ta zuba mini a leda, ta ƙi karɓar komai.

"Ƙanena, kana kiran Zonkwa har yanzu?"

Na ce ina kira kowace safiya.

"Tana amsawa?"

Na ce tana amsawa.

Ta gyaɗa kai, ta ɗaure bakin ledar ta miƙo mini. "To ka gaishe ta. Ita dai ba a kore ta ba."