Ƙwaryar Nonon Kakarmu

Jiya a unguwar Aziziya, nan ƙasa mai tsarki, na tarar da ƙanena yana kakkaɓe tokar sigari cikin ƙwaryar kakarmu. Na daka masa tsawa.

Da ita marigayiya ta yi tallan nono zamanin Turawa, ɗaure da baƙin zanen saƙi, kafin ta tako da ƙafa har Madina. Ba ta taɓa dire ta a ƙasa ba, sai kan gammo. Ranar da na kawo mata laban, nonon Larabawa na kwali, sansanawa ta yi ta ture, ta ce, "Wannan bai san saniya ba."

Ƙanena ya ce, "Yaya, ai tsohon abu ne, halas, zance ya ƙare."

Na fizge ƙwaryar, na wanke, amma warin bai fita ba. Allah Ya shayar da ke nonon Aljanna, Kaka, a ƙwarya mai tsabta.