Ƙarfen da nake gasa masara da shi

Shekara shida ke nan da rasuwar kakana, Malam Ado masassaƙi, Allah Ya jiƙansa, kuma sai bana na gano cewa damina biyu na yi ina gasa masara da kayan aikinsa. Wani ƙarfe ne dogo mai tsini da na zaro daga tsohon buhu a ɗakin ajiyarmu a Yalwawa. Ni a tunanina, Allah Ya halicci wannan ƙarfe ne domin a soka masara.

Asirina ya tonu ranar da Kawu Sani ya ce ɗakin ake so, za a kira 'yan gwangwan su auna ƙarafan su kwashe. Da Inna, kakata, ta gan ni da ƙarfen a bakin murhu sai ta ce, "Maigida, kai da ko sunan abin ba ka sani ba, ai gara a sayar." Wannan magana ta fi bulala zafi. Na roƙi Kawu ya dakata har in san me muke shirin zubarwa.

Na fara da waya. Na ɗauki hoton wani mai lanƙwasasshen baki, wayar ta ce makamin yaƙi ne. Da Kaka yana raye, da ya yi dariyar da za a ji ta har unguwar Takur. Mutum ne da yake kallon kututture ya ga turmi a ciki. Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau ludayi roba, kujera roba, ƙotar fartanya ma bututu ne aka yi wa walda. Ina jin ba zai yi faɗa ba. Zai juya ludayin a hannu ne ya tambaya, "To in ya karye, wa ke gyarawa?"

Matambayi ba ya ɓata. Inna ta aike ni Ringim wurin Baba Sale, abokin sana'arsa, wanda idonsa ya tafi. Buhun ya kusa raba ni da kafaɗa. Na rantse na dawo gajere. Baba Sale ya riƙa lalubo su ɗaya bayan ɗaya. Makamin yaƙin nan ashe gizago ne, na sassaƙa. Ga kurfi na rarake cikin turmi, ga magagari na gyara kaifi. Da ya zo kan nawa, ya shinshina.

"Mahuri ne. A wuta ake sa shi ya yi ja, a huda ƙota. Amma me ya sa yake ƙamshin masara?"

Na ce wataƙila ɓeraye ne.

Sai ya koma kan gizagon, ya daɗe yana shafa ƙotar. Ya ce ko cikin dubu zai gane ta, domin ta wajen hagu ta cinye: Ado bahago ne. Da dama yake cin abinci, da dama yake gaisawa, shi ya sa ko 'ya'yansa ba su lura ba, amma aiki da hagu yake yi. Ni ma bahago, da na sha ranƙwashi a kan hagun nan tun ina rarrafe, na karɓi gizagon. Yatsuna suka zauna daidai cikin gurbin nasa.

An ce tsohuwar zuma da ita ake magani. Turamen Kaka suna nan a gidajen da ba su san sunansa ba, ana daka a cikinsu. Mu kuma ya bar mana shaidar hannunsa a jikin itace.

Kawu dai ya sayar da sauran ƙarafan, har da guda biyu da Baba Sale ma bai gane ba. Inna ta hana a taɓa gizago da mahuri. Na sassaƙa mata ƙotar fartanya da su. Ta fito a karkace, kuma da ita take noman rama a bayan ɗaki.