Ƙwaron Ƙarfena Ya Taka

Yau Talata. Gwiwa da sauƙi, tari ne dai bai sake ni ba. Amma jama'a, ƙwaron ƙarfena ya yi tafiya!

Wata huɗu ina haɗa shi, butum-butumi mai ƙafa shida, da ƙarafunan tsohuwar lema da ɗan injin da ke juya kaset a rediyo. Malam Sani, abokina tun makarantar koyon sana'a, ya rantse ba zai taka ba. Ya ce yau zai zo daga Bunkure ya gani da idonsa.

Har safiyar nan, da na sa batir sai ƙwaron ya ɗaga ƙafafun gefe guda ya kife. Lami maƙwabciyata, mai turara shinkafa, ta kawo mini kunu ta tarar da shi a rigingine.

Ta ce, "Baba, wannan ai kyankyaso ne ya sha fiya-fiya."

Na ce, "Yi dariyarki. Ƙafa uku na ƙasa, amma faɗuwa yake."

Ta ce, "To wa ya taɓa jera duwatsun murhu a layi ɗaya? Biyu nan, ɗaya can, sai tukunya ta zauna."

Na ajiye kunun na sauya ɗaurin ƙafafun, biyu dama ɗaya hagu, sannan su yi musanya. Wallahi ya taka daga bakin tabarma har gindin randa! Lami ta rangaɗa guɗa.

Na fito da tabarma ƙofar gida, na zauna har la'asar sakaliya. Malam Sani bai zo ba. Shi na so ya raɗa masa suna. To ku, wane suna ya dace da shi?