Takardar da ke gaban ƙwarya

Ni ce ta ɗaya a ajinmu na manya a Garwa, kuma ba na ɓoye wa kowa. Tsofaffi ne mu duka, muna koyon karatun Faransanci bayan jikoki sun riga mu. Maƙwabciyata kuwa, wadda muka taso unguwa ɗaya, wata huɗu tana fama da haruffa, ko sunanta ba ta iya ganewa a allo.

Ranar da malamarmu ta kai mu gidan tarihi, sai da na goge tabarau sau biyu a mota, don na san ni za a sa in karanta takardun bayanin kayan. Muka ga tukwane da sirdi da tabarmi, tsofaffi ana ta "kai, irin na kakata!" Sai muka iso wurin ƙore masu zanen wuta.

Sana'armu ce da ƙuruciya, ni da maƙwabciyata. A gasa wuƙa a garwashi, a zana bayan ƙwarya, hayaƙi na cin ido. Kuma wallahi hannuna ya fi nata. Nawa dai an dama fura a ciki har sun fashe. Ga wata can cikin gilashi, an haska mata fitila, ko ƙuda bai isa ya sauka a kanta ba.

Maƙwabciyata ta tsaya cak. Ta jawo gefen mayafina.

"Yaya, wannan kamar hannuna. Wani Bature ya taɓa sayen irinta a wurina. Duba mini abin da aka rubuta."

Na duba. Sunanta ne, da na mahaifinta, da Garwa a ƙasa. Kishi ya kama ni, ba sai an faɗa mini ba. Ita? Wadda ni na nuna mata yadda ake riƙe wuƙa kada ta ƙone? Na waiga, malama na can gaba da sauran.

"An rubuta ƙwaryar gargajiya," na ce. "Ba a san mai ita ba."

Ta daɗe tana kallon takardar. "Rubutun da yawa," ta ce.

"Faransanci ne, haka suke jan magana."

Ta yi dariya, ta yarda. A mota ana ta hira, ni kuwa ina ta kallon waje ta taga. Da muka kusa gida ta dafa gwiwata.

"Na gaji da a karanta mini. Sai na koma na karanta takardar nan da idona. Ke za ki koya mini, ko?"

Me zan ce? Tun ranar, duk la'asar sai ga ta da littafinta a tsakar gidana, kuma yanzu kanta ya buɗe, abin har yana ba ni tsoro. Shekaranjiya ta rubuta sunanta ba kuskure ko ɗaya, ta juyo da littafin tana tambayata ko daidai ne.

Na ce daidai ne.