Kalilu Mai Hoto da Giwar da Ba Ta Gama Ci

Kalilu ƙanin maigidana ne, marigayi Malam Lawal, Allah Ya jiƙansa. Shagon Kalilu na bakin tashar Baure, ɗan ƙarami, da shuɗin labule a bango. Shekara ashirin yana ɗaukar maniyyata da 'yan makaranta hoto, kuma ƙa'idarsa guda ce: ba ya ɗaukar mutum yana cin abinci. Ko a walima, sai an wanke hannu an gyara hula. Ya ce tonon asiri ne.

Shekara biyu da ƙaddamar da shari'a, cutar yana ta fara rufe idon Malam. Wata rana bayan la'asar, almajiransa sun gama biya surar da ta ambaci giwa, na ji ya ce, "Shekara talatin ina biya ta, ban taɓa ganin dabbar nan ba. Ga ido yana sallama."

Kalilu na gefe, ya ji. Ranar Asabar ya hau mota sai dajin Yankari, da fim ɗaya a kyamara.

Shi ya ba mu labari daga baya. Tsakiyar rani ne, ciyawa ta ƙone. Shi da mai gadin dajin suka tarar da giwa ta kafa haure a jikin kuka tana ɓare ɓawo, ta naɗe da hanci ta kai baki. Kalilu ya sauke kyamara, wai sai ta gama. Yini guda. Washegari ma haka. Mai gadin dajin ya gaji, ya ce, "Malam, jira kake ta wanke hannu ta sa hula? Wannan ai ba ta gamawa!"

Rana ta uku ya tuna idon yayansa ba zai jira ba. Ya ce, "Baiwar Allah, ki yafe ni," ya danna.

Da ya dawo, na shimfiɗa wa Malam tabarma inda rana ta fi haske. Ya kai hoton har kan hancinsa, ya daɗe yana duba.

"Kalilu, mene ne a bakinta?"

"Ɓawon kuka ne, Yaya. Na so in same ta a kimtse."

"Duk girman nan, ɓawo?" Ya juyo wajena. "Haulatu, zo ki ga yadda Allah ke ciyarwa."

Kafin damina ta sauka idon ya rufe. Hoton na cikin akwatina. Kalilu kuwa har yau ba ya ɗaukar mai cin abinci. Ya ce sau ɗaya ya yi, shi ma sai da ya nemi gafara.