Kayan Hajiya Sun Riga Tani Tarewa

Duk zuriyarmu babu wanda aka haifa da ƙarancin buri irin Maharazu ɗan Baffa Auwalu. Tun yana yaro a ƙauyenmu na bayan Ringim, in aka ɗinka masa riga biyu da Sallah sai ya zauna ya yi ta kuka, wai bai san wadda zai fara sawa ba. Ranar da zai taho Kano neman aiki, duk abin da ya mallaka a duniya ya shige jakar bakko ɗaya, har da sauran wurin da za a iya cusa ɗan akuya a ja zif. Mu taubasansa muka raka shi tasha, muna roƙon Allah kada iska ta yi gaba da shi da jakar.

Ya samu aikin kula da fulawa a Nassarawa GRA, a gidan Hajiya Zulaiha, matar wani tsohon babban ma'aikacin gwamnati. Irin gidan nan ne da in ka shiga da hantsi kana neman ƙofar kicin, sai an kira azahar ka same ta. Aikinsa ban-ruwa, aske ciyawa, da share ganyen mangwaro da darbejiya. Aka ba shi ɗaki a boskwata, wato ɗakunan ma'aikata da ke bayan gida. Katifa, buta, darduma, sai ƙusa a bango da yake rataye kaftaninsa na Juma'a. Shi ke nan. Shekaru ya yi a haka, bai san ciwon kai ba, bai ma san inda makullin ɗakin yake ba. Ɓarawon da ya yi kuskuren shiga wurin, sai dai tausayi ya kama shi ya ajiye masa wani abu ya fita.

Bayan kakar bara aka ɗaura masa aure da Tani, wadda suka daɗe suna son juna har mutanen gari suka gaji da ganin kekensa a ƙofar gidansu. Ta zauna a ɗakinsa na ƙauye, cikin gidan Baffa, shi kuma ya dawo bakin aiki. Burinsa ɗaya tak, karo na farko a rayuwarsa: ya kawo Tani Kano su zauna tare. Surukarsa, Inna Safiya, ta ce ba ta hana ba, amma 'yarta ba za ta tare a birni ba sai da wurin kafa gado da jera 'yan kwanukanta. Hajiya Zulaiha ta ce, "Kawo ta mana, ai zaman gwauro ba daɗi." Maharazu ya shafe ɗaki da farar ƙasa, ya wanke siminti har yana ɗaukar ido. Sa rana kawai ya rage.

Ana cikin haka sai Ameera, autar Hajiya, ta dawo daga karatu a Malesiya. Ta tarar likita ya ce jinin mahaifiyarta ya hau. Ta tsaya tsakiyar falo, ta dubi kujeru saiti a kan saiti, da durowoyi cike da kulolin da ba a taɓa zuba musu abinci ba, ta ce, "Mami, ba gishiri ne ke damunki ba, kaya ne. Duk abin da kika mallaka yana cin wani yanki na hankalinki. Rage su ki ga barci."

Hajiya ta ce, "Ke da iyayin tsiya." Amma maganar ta zauna mata.

Washegari Maharazu na durƙushe yana cire ciyawa aka ƙwala masa kira.

"Maharazu! Zo ka ɗauki firjin nan, kai da amarya."

Ya zube ƙasa ya yi godiya har hularsa ta faɗi. Firjin ya daina sanyi tun Ameera tana firamare, amma ƙato ne, in aka kwantar da shi sai a yi wa liman da ladan shimfiɗa a kai. Da ƙyar shi da Jibrin mai gadi suka tura shi ɗaki. Ya cinye kusurwar da Maharazu ya ware wa kwanukan Tani. Ya ce a ransa ba komai, a jera su a ciki.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Kujera mai zaman mutum uku ta biyo baya. Sai keken motsa jiki da Alhaji, mijin Hajiya, ya hau sau ɗaya ya ce gwiwarsa. Sai akwatin gilashi na kiwon kifi, babu kifin. Talabijin mai ƙusumbi, labulaye masu nauyin buhun gero, madubin da ya fi ƙofar ɗakin tsawo, da wata rigar sanyi mai gashi da aka sayo a Landan, wadda in mutum ya sa ta a Kano cikin bazara sai dai a je ta'aziyya. Kowanne ya zo da kalma ɗaya: "Kai da amarya." Kowanne kuma Maharazu ya durƙusa ya ce, "Allah ya ƙara girma, Hajiya."

Kuma maganar Ameera ta yi aiki, wannan ba a musu. Falon Hajiya ya buɗe, iska ta samu hanya. Jininta ya sauka, ta koma barcin rana har da minshari. Takan zagaya ba takalmi a kan tayil tana ce wa ƙawayenta, "Wallahi na huta. Ashe duk shekarun nan bauta nake wa kaya."

Abin da ba ta sani ba, hawan jinin bai bar gidan ba. Kayan ya bi zuwa boskwata. Maharazu ya koma shiga ɗakinsa a kaikaice, yana riƙe numfashi. Katifa ta hau kan kujera, shi ya hau kan katifa, ƙafafunsa a kan sitiyarin keke. In ya yi juyi madubi ya nuna masa wani mutum a takure, sai ya firgita ya yi salati. Nafila ma a waje yake yi, don babu inda goshi zai sauka. Mutumin da bai san makulli ba ya koma yawo da shi rataye a wuya, yana tsakiyar ban-ruwa sai ya yar da tiyo ya ruga ya duba ko ya kulle. Da ya je kemis a Gawuna aka gwada shi, mai kemis ya ce, "Malam, kasuwanci kake yi ne? Wannan ai jinin masu kuɗi ne."

Mai karatu zai ce, to ya ce ya gode ya isa mana. Ai ba a nan take ba. A inda aka raini Maharazu, babba ya miƙo maka abu ka ce ba ka so, daidai yake da ka tofa masa yawu. Kuma Hajiya ba ta manta kyautarta. Gaishe su take yi kamar 'ya'yan da ta aurar.

"Maharazu, yaya firji?"

"Lafiya lau, Hajiya."

"Kana goge madubin nan kuwa? Daga Makka na taho da shi, a kan cinyata."

"Kullum, Hajiya."

Ya gwada lallaɓa Jibrin. Ya same shi a ɗakin gadi ya ce, "Malam Jibrin, don zumunci, karɓi keken nan."

Jibrin ya buɗe ƙofa ya nuna masa ciki. Fankoki matattu sun kai rufi. "Ka ga inda nake sallah? A tsaye. Ni da na fi ka shekaru a gidan nan, kasona ya fi naka. Je ka ji da gadonka, ango."

"To in mai jari-bola ya zo wucewa da baro, ka ɗan kau da kai."

"Kau da kai? Ka manta Ƙasimu kuku? Injin markaɗe ɗaya ya sayar, Hajiya ta gan shi a hannun dillaliya a Tudun Murtala, ta gane shi da tsagin murfi. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, ashe kyautarta ba ta da daraja. Yau ina Ƙasimu? Yana tuyar ƙwai a bakin titi. Kai da aikin za ka rasa, da ɗakin, sai ka kai amaryar ƙarƙashin gada."

Ita kuwa Tani kullum sai ta kira.

"Wai yaushe ne?"

"Ana ɗan gyara ne."

"Ɗakin ake gyarawa ko hanyar Ringim? Maharazu, ƙawayena har sun fara ce mini matar waya. In wata ka ajiye a can, ka faɗa mini."

Ya dubi firji, ya dubi keke, ya ce, "Wallahi ba wata. Wasu ne dai."

Abin ya ci shi har ya rame, wuyansa ya zama kamar marfin buta. Ran nan dai ya yi ta maza. Ya sa kaftaninsa, ya sami Hajiya a baranda tana shan shayi, ya durƙusa. A hanya ya tsara cewa zai ce kayan sun yi yawa, a yi haƙuri. Da ta ɗago ta dube shi da fara'a ta ce, "Ango, me ake ciki?" sai harshensa ya karkace.

"Hajiya, cewa na yi, ko a kai kayan nan gida ne, iyaye su gani su sa albarka."

Hajiya ta ajiye kofi. "Kai, Allah ya yi maka albarka! Ka ji ɗan halak. Wani da tuni ya sayar." Nan take ta sa aka kira a-kori-kura, ta ƙara masa da kafet da agogon bango mai kiran sallah ba a kan lokaci ba. Ta ce, "A jera su da kyau. Wata rana zan sa direba ya kai ni in gani da idona."

Ranar da motar ta shiga ƙauye, ko makaranta ba a yi ba. Tsofaffi suka fito da sanduna, yara suka bi ta da gudu, mai unguwa da kansa ya zo ya buɗe firji ya leƙa ya rufe ya ce masha Allah. Aka cika ɗakin Tani, aka cika rumfa, madubi kuwa sai da aka cire ƙyaure. Maharazu bai ko kwana ba, ya biyo motar ya dawo Kano yana murmushi shi kaɗai. Ya share ɗakinsa, ya kwanta a tsakiyar siminti ya miƙe hannu da ƙafa, babu abin da ya taɓa. Bayan 'yan kwanaki ya ɗauko waya.

"Tani, ki shirya. Wuri ya samu, ko rawa kike so sai ki yi."

Ya ji an karɓe wayar. Muryar Inna Safiya ce.

"Maharazu, kana da hankali kuwa? Ta taho ta bar wa wa wannan dukiyar? Ga gara, ga ɓera, ga damina na tafe rufin yana yoyo. Uwarka ba ta gani sosai, babanka yana gona. Tun da kayan nan suka sauka ba a raba mu da 'yan kallo da 'yan aro ba. In uwar ɗakinka ta zo ta tarar an fasa madubinta, da wane ido za mu dube ta? Kuma me za ta je nema a birnin, tunda birnin ya zo ya same ta?"

"Inna, ai sai a rarraba wa dangi..."

"A raba kyautar manya? Ba da ni ba."

Da Tani ta karɓi wayar, muryarta ta yi ƙasa.

"Ni fa ban ce ina son su ba. Jiya an yi suna a maƙwabta ban je ba, ina gadin keke kada yara su karya. Ko rijiya zan je sai na nemi mai zauna mini. A gefen firji nake kwana a takure, kamar kaza a akurki. Kai ka aiko su, kai za ka san yadda za ka yi da su."

"Zan san dabara."

"Dabararka ce ta kawo mu nan."

Yau damina ta wuce, an yi girbi, Tani tana can. Maharazu yakan je ƙarshen wata ya kwana a zaure, don ɗakin matarsa ba ya ɗaukar mutum biyu da firji. Hajiya ba ta je ƙauyen ba, ba ta kuma ce ta fasa ba, saboda haka kullum sai an goge madubi. Ɗakinsa na Kano kuwa fes, ba abin da ke ciki sai shi, in ya yi tari har amsawa yake.

Kwanan baya yana yanke reshen fulawa Hajiya ta fito za ta unguwa. Ta sauke gilashin mota.

"Maharazu, wai ina amaryar nan? Har yanzu ba ta tare ba?"

Ya durƙusa. "Tana gida, Hajiya. Tana kula da kayan."

"Madalla. Ka yi dacen mace, irin waɗannan su ke riƙe gida. Ka gaishe ta, ka ce ta dinga buɗe firjin yana shan iska."

Ya ce, "Za ta ji, Hajiya."