Mai Neman Gishirin Ɓeraye

A layin masu gishiri na kasuwar Funtua akwai wani dogon mutum tsaye, an ɗaure ƙafar tabaraunsa da zare. Keji ne a hannunsa, rufe da tsohon tawul. Duk inda rana ta ɓullo sai ya ba ta baya, kada ta taɓa fararen ɓerayensa shida. A garin da ɓera ke cinye wa mutane masara, shi inuwa yake yi wa nasa.

Kantun gishiri yake nema, wanda ba a sa wa sinadarin aidin ba.

"Malam, wannan ai na shanu ne," in ji tsohuwar da ke sayarwa.

"Ɓeraye zan ba, Inna."

Yana mata bayani kamar mai karanta takardar asibiti. In aka hana su aidin, abin nan na wuya da kan kumbura ya zama maƙoƙo sai ya rage aiki. So yake ya ga waɗanne ƙwayoyin gado ne ke yin shiru a ƙwaƙwalwa, har ɓera ya manta hanyar raminsa. Ina zaton ɗalibin jami'a ne da karatu ya ƙi ƙarewa.

Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe kumburin wuyanta. Ya gani. Ya tsallaka shagon gaba, ya sayo gishirin leda mai aidin, ya ajiye mata.

"Wannan na miyarki ne, Inna."

Ta juya ledar, ta duba gaba da baya, sannan ta jera ta cikin kayan sayarwa.